Ruwan Toka

Ni ne Gado na bayan tashar jirgi,
Ƙaura Namoda ta san igiyar shanyata,
shekara sha tara ina cin tuwo da wanki.

Bana omo ya yi fiffike.
Ƙullin da nake saye da canjin goro,
yau sai na tsaya na yi lissafi da yatsu.
Maidabo mai shago ya buɗe littafin bashi,
sunana ya cika shafi, ba alamar birki.

Na ce zan ƙara hamsin a kan kowace riga.
Kofur ya ce albashi bai shigo ba,
nas ta ce to, za ta wanke abinta,
malamin firamare bai ce uffan ba,
ya dube ni kawai, ya ja tsaki.

Sai ga yayata Tumba daga Kurya,
ta zo asibiti a duba mata yanar ido.
Gani ya ja baya, amma hanci bai tsufa ba.
Ta shinshina bahona ta ce,
"Wanga ƙamshi kaka saye da kuɗɗinka?
Kumfa ta, ƙanena, kumfa ba ta aiki."

Ta aike ni gonar Sanda roƙon karan dawa,
na haɗo da ɓawon gyaɗa wajen masu ƙuli,
muka cinna wuta a tsakar gida
har maƙwabta suka leƙo suna tambayar hayaƙi.

Tsohuwar tukunya mai huda a gindi,
tsumma, toka, ruwa a kai.
Ɗis. Ɗis. Kwana guda cur
yana sauka ja kamar shayin da aka manta.
Ta ɗiga a harshe, ta yamutsa fuska:
"Ya yi. In bai cije ka ba, ba shi da kirki."

Man kaɗe ya narke, muka zuba a hankali,
ni da muciya, ita da baki.

Ranar da ta koma gida na ce ai na iya.
Na ƙara ruwan toka don ya fi nata ƙarfi.
Tafin hannuna ya saɓule kamar dafaffen rogo,
shuɗiyar shaddar malam, ta zuwa Juma'a,
ta fito da taswira fara a kafaɗa.
Wata biyu ina biya da kaɗan-kaɗan,
kullum ya karɓa yana kallon gefe,
ni kuma kunya tana ci na a ciki.

Yanzu ina awo da gwangwanin madara,
ba na ƙari, ba na ragi.
Tsatsa a farar riga, lemun tsami da rana.
Ragowar toka ta matata Ige ce,
tukwanenta sun daina kama da bayan dare,
har ta goge kwanon sha da ƙofar ɗaki.

Nas ta yi ƙorafi, wai ba ƙamshin kanti.
Na jiƙa saiwar jema a ruwan ɗauraya,
ta kai hanci, ta sake kaiwa,
sati na gaba ta haɗo da zanin gado da siliki.

Ban yi arziki ba, kada a yi mini ƙarya.
Na dai soke sunana a littafin Maidabo,
na biya wa Lawisa kuɗin jarrabawa,
na saya wa Tumba maganin ɗigawa kwalba biyu,
gawayin guga kuwa har yau bai yi sauƙi.

Jiya da magariba Maidabo ya aiko yaro,
wai curi uku, a rubuta, zai biya ran kasuwa.
Na nemi biro a gidan nan kaf, babu,
sai na ja layi uku a bango da gawayi,
na koma na kwashe kaki.