Yatsun Aro

Afiniki, taso ki zauna nan kusa da ni.
Rana ta faɗa bayan duwatsun Birni,
mai garuwa bai zo ba, randa ta bushe har gindi,
to, bari mu sha wanda muke da shi.

Ɗauko littafin nan daga cikin kwalla.
A hankali, bangonsa ma ya girme ki.
Wani baduku a Zango ya ɗinka masa rigar jar fata
shekarar da na haifi ubanki,
ya karɓi dala arba'in, bai tambayi abin da ke ciki ba.

Kin san hannuwan nan.
Cuta ta cinye yatsu takwas
kafin magani ya san hanyar Kara-Kara,
ta bar mini manyan biyu
kamar masu gadin gidan da aka tashi.
Da su na tuƙa tuwo, da su na yi renon biyar,
amma takarda ta gagare ni.
Siririya ce kamar ɓawon albasa,
in na kama ɗaya sai goma su biyo ta.

Shi ya sa na yi aron yatsun Istifanus
tun bai san dama da hagu ba.
Ya lasa, ya buɗe, ni ina haɗa baƙi da ƙyar,
ɗan yatsansa na bin layi kamar kaza a bayan tsaba.
Ban koya masa karatu ba, a bakina ya sace.
Ran da ya gyara mini wata kalma
sai na ce hayaƙin murhu ne ya shiga idona.

Yanzu yana Arlit.
Kuɗi na zuwa ta waya, ba ya fashi.
In na ce, "Kana zuwa sujada kuwa?"
sai ya ce, "Inna, layin ba kyau."
Ban zage shi ba.
Shekara talatin ina ɗaukar ruwa a garin nan,
na san iyakar mai ɗauka:
ka kai tulu har ƙofar ɗaki,
haɗiya kuwa sai mai maƙogwaro.

Jiya kin dawo daga lakwal kina cika kina batsewa,
kika ce, "Kaka, don me mu kaɗai a ajinmu?"
Ba ni da amsa irin ta fasto.
Abin da na sani ke nan:
akwai lokacin da ake jefo mini sadaka daga nesa,
ƙoƙona daban, tabarmata daban,
ko inuwata ba a son takawa.
Wata mata, Lai'atu, ta durƙusa ta wanke mini gyambo,
ta gama, ta sa hannu a akushina ta ci.
Na ce, "Wa ya aiko ki?"
Ta ce Yesu, tana tauna,
kamar mai faɗin sunan maƙwabci.
Tun ranar nake bin sawun sunan nan.

Kada ki ɗaure wa kowa fuska.
Gambo ta bayan katanga, ita da carbinta,
naman Layyarta bai taɓa tsallake ƙofarmu ba,
shinkafar Kirsimetinmu ta san hanyar ɗakinta.
Kwanon nan ya tsufa yana kai da kawowa,
bai taɓa komawa wofi ba.
Ki durƙusa ki gaishe ta, ki kuma san naki.

To, buɗe. Wuce nan. Ƙara gaba.
Kin ga wannan tabon mai a gefen shafi?
Ƙosai ubanki ya ci, yana ɗan shekara shida,
na yi faɗa har makwabta suka leƙo.
Yau ko an ba ni raƙumi ba zan goge shi ba.
Ɗora yatsanki a kai.
Kin gani? Daidai.

Karanta da ƙarfi, idanun ma sun fara sallama,
ba da jimawa ba su ma sai na yi aro.
Ran Lahadi in ya kira, ke za ki ɗauka,
ki karanta masa wannan shafin, kada ki tambaye shi komi.
In ya ce layin ba kyau, ki ci gaba.

Tsaya. Kamar ƙarar garwa nake ji a lungu.
Sa tsinke a inda muka tsaya,
ki ruga ki tare shi kafin Gambo ta riga mu.