Inda Yatsa Ke Sauka

Shekara talatin da ɗaya ina ɗaukar hoto
a wani ɗan shago kan tudun Valparaíso,
inda matakala ke cin gwiwar tsofaffi,
iskar teku kuma tana lasar fentin ƙofa.
Na iya haske, na iya inuwa.
Yatsan mutane ne ya gagare ni.

Ka miƙa wa mutum hotonsa,
kafin ƙiftawar ido yatsa ya sauka.
Wuri guda. Kullum wuri guda,
kamar ƙudan da ya san inda miki yake.

Ignacia ta zo ranar Talata da rigar kammala karatu.
Likitar haƙori, ita ce ta farko a gidansu.
A hoton akwai dariyar da ta ƙi ɓoyuwa,
akwai ɗan kunnen kakarta,
akwai taga, da jirgin ruwa yana shigowa ta bayanta.
Ita kuwa haɓa ta gani.
"Dubi nan," ta ce, "har ta ninku."
Na duba. Na sa tabarau, na sake dubawa.
Abin bai kai ƙwayar shinkafa ba,
amma ya haɗiye jirgin, ya haɗiye tagar,
ya haɗiye shekara shida na karatun dare.

Don Leocadio mai gyaran injin kwalekwale,
hannayensa sun taɓa ciro mutum biyu daga ruwa.
Bai ga hannayen ba. Tumbi ya gani.
Ya ce in yanke hoton daga ƙirji.
Na yanke.
Hannayen suka bi tumbin zuwa kwandon shara,
don a kansa ya ɗora su.

Sai Ximena, 'yar shekara sha huɗu,
gashi ya rufe mata kunnuwa cikin zafin Janairu.
Uwarta na ƙirga kuɗi, ta ce da ni a hankali:
"In na hau bas, kunnuwa kawai nake gani.
Na san na direba, na san na mai sayar da alewa.
Da za ka tambaye ni fuskokinsu, ban sani ba."
Garin nan mai gidaje shuɗi da ja da ruwan ƙwai,
a wurinta kasuwar kunne ce,
kuma nata ne kullum ba su da mai saye.

Ni ma kada in yi ƙarya.
Akwai tabon ƙuna a wuyana tun ina ɗan shekara biyar,
tukunyar miya ce ta kife.
Shi ya koya mini tsayawa a bayan kyamara.

Da Eulalia ta rasu bara,
na zazzage akwatinta ina neman takardar gida,
sai ga wani hoto da na ce ta yaga tun muna sabon aure.
Bakin teku ne, ni babu riga.
Yatsana ya riga ni isa, kamar yadda ya saba,
ya danne tabon.
Na bar shi a wurin, don na gaji.

Sai na ga akwai kare a gefe, yana gudu da takalmin wani.
Sai na ga yashi a gwiwarta.
Sai na ga ba kyamara take kallo ba,
ni take kallo, baki buɗe, za ta faɗi wani abu.
Shekara ashirin da takwas maganar nan tana bakinta,
ni ina can ina gadin fatar da ba ta kai tafin jariri ba.

Yanzu hoton yana jingine da akwatin kuɗi.
Da safe in na ɗaga ƙofar shago
har yau wuyan nake fara gani, ban warke ba.
Sai dai na kan ɗan jira,
har karen ya fito da takalminsa.