Da Kogin Ebro Ya Ƙi Janyewa

Kakata Casilda ba ta karatu,
amma ta san ƙarar alƙalami in yana ƙarya.
Na same ta ƙarƙashin kurangar inabi tana ɓare wake,
na ce, "Kaka, na gyara yaƙin nan naku."
Ta ce, "Karanto."

A littafina, daren da soja za su ƙetare Ebro
ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya.
Kogi ya cika ya tumbatsa,
ya cinye gada, ya haɗiye kwale-kwale,
kwana arba'in bai ja da baya ba.
Bindiga ta yi tsatsa a hannun mai ita,
albarushi ya koma kunu.

Yayanki Fermín na wannan gaɓa,
ƙanenki Anselmo na waccan,
ciki ɗaya, nono ɗaya, tuta biyu.
Rundunonin suka gaji da zagin juna ta saman ruwa,
har wani ya ƙwala tambaya:
"Ku ma ƙwarƙwata ta hana ku barci?"
Dariya ta ƙetare inda harsashi ya kasa.
Aka tura taba a cikin kwalba,
kwalba ta dawo da gishiri.

Sai inabi ya nuna.
Cikin kowace rigar soja manomi ne,
manomi kuwa ba ya jin umarni in gona na kira.
Ɗaya bayan ɗaya suka sulale da dare.
Manya suka wayi gari da taswira
babu mai mutuwa a kanta,
suka sa hannu a takarda don kunya, ba don tausayi ba.
Fermín ya dawo da tari, Anselmo da ɗingishi,
suka yi shekara bakwai ba sa ga maciji,
suna rigima kan iyakar gonar zaitun
yadda 'yan'uwa masu rai kan yi.

Na ɗago kai. Hannunta ya tsaya.

"To ni fa? Ina ka ajiye ni?"
Na ce, "Kina gida, ba ki gudu ba.
Ba ki taka ƙanƙarar duwatsu da takalmin igiya ba,
ba ki kwana kan rairayin bakin teku a Faransa
bayan waya mai ƙaya ba."
Ta ce, "A bayan wayar nan na gamu da kakanka.
Ya ba ni bargonsa, haƙoransa na kaɗawa,
yana rantsuwa zafi yake ji.
In ban gudu ba, ɗan maƙerin garinmu zan aura,
mai kunnuwa kamar faifai.
Uwarka ba ta zo duniya ba ke nan.
Wa zai riƙe alƙalamin?"

Shiru ya zauna tsakaninmu kamar baƙon da ba a gayyata ba.
Can ƙasa kogin na wucewa, siriri,
bai san ana shari'arsa ba.

Na ce, "In yage?"
Ta ce, "Kul.
Da-na-sani ƙeya ce, amma ƙeya ma jikin mutum ce.
Bar su su tsufa a takardarka
tunda ƙasa ba ta bar su ba.
Har yau ban san ramin da aka zuba Anselmo ba.
Fermín kuwa, wasiƙa ce ta dawo a madadinsa,
da agogon da ya tsaya.
Gyara ɗaya nake so:
cire ɗingishin nan.
Duk garin nan babu wanda ya kai Anselmo rawa.
Ka sa ya taka har asuba
ranar aurena da ɗan maƙerin."

Na ce, "Ni fa, Kaka?"

Ta kakkaɓe ɓawon wake daga cinyarta,
ta dafa bango, ta miƙe da ƙyar.
"Kai ai ga ka nan.
Tashi ka ɗora ruwa."