Babban Yatsan Otar

A hawa na biyar, a birnin Tbilisi,
inda taga ke kallon kogin Kura
(suna ne kawai, bai taɓa cin akuyar kowa ba),
Otar, tsohon direban jirgin ƙarƙashin ƙasa,
yana da kwamfutar cinya, sa'ar jikarsa.

A cikinta akwai minti goma sha ɗaya
na muryar Tsiala, shekara uku da rasuwa,
tana koya wa 'yarsu ta waya
yadda ake dafa wake a tukunyar ƙasa.
Ta yi tari sau biyu. Ta ce, "Otar, rufe tagar nan."
Iyakar gadon ke nan.

Amma kafar da ake soka iyafis
ta soma girgiɗa kamar haƙorin tsoho.
In ya soka, Tsiala ta zo ta kunnen hagu kaɗai.
In ya motsa gwiwa, ta ɓace,
sai shuuu, kamar yayyafi a kan kwano.

Ya sakace ramin da tsinke,
ya zaro ƙura da gashin kyanwa.
Ya cusa ashana a gefe, ta karye.
Ya ninke tsohon tikiti ya tokare,
ya ɗaure da robar kitson jikarsa.
Kwana biyu abin ya yi,
ran na uku aka koma gidan jiya.

Dabara ɗaya ce ta ci:
ya danne kan wayar da babban yatsa,
ya karkata shi kaɗan wajen taga,
ya ɗauke numfashi.
Sai ga ta a kunne biyu, cikakkiya,
har da ƙarar cokali a bakin tukunya.
Yatsa ya sage, ya yi fari,
bai taɓa saki ba sai ta yi shiru.

Jikar, Ketino, ta gaji da gani.
Ta kai wa Gocha mai gyara
a rumfarsa ta ƙarƙashin titi, kusa da tasha.
Gocha ya kwance, ya haska, ya yi tsaki:
"Dalma ce ta tsage. Lari ashirin."
Wani siririn hayaƙi ya tashi, an gama.

Daren nan Otar ya soka, ya ji ƙas.
Ram, babu girgiɗi.
Tsiala ta zo da ƙafarta, ba roƙo, ba tallafi.
Sai ya rasa inda zai sa hannunsa.
Ya ɗora a gwiwa, ya ɗauke.
Ya kama kofin shayi, ya ajiye.
Shekara arba'in da ɗaya, duk lokacin ƙanƙara,
shi ke riƙe mata gwiwar hannu a gangaren unguwa
ko tana cewa ita fa ba tsohuwa ba ce.

Tana kaiwa wajen zuba gishiri
ya ga yatsan ya tafi da kansa,
ya kwanta kan wayar da ba ta bukatarsa.
Ta yi tari. Ya ƙara dannawa kaɗan.
Ta ce ya rufe taga.
Ya ce, "To. Bari dai ki gama."