Ƙwallon Dabino Ashirin da Uku

Mu ashirin da uku ne ranar da masaƙa ta rufe a Sharaɗa,
aka miƙa wa kowa kuɗin sallama a ambulan.
Haladu ya ce, kuɗin nan in an ci shi a tsaye
ba zai ga watan gobe ba.
Muka haɗa, muka sayi gona a bayan Sheka:
takarda ɗaya, dangwale ashirin da uku.

Kowa ya yanki inda zai kafa ɗaki.
Tsakiya muka bari, ba ta kowa ba:
rijiya, mangwaro biyu, kunyoyin alayyahu da rama,
turken awaki,
da igiyar shanya mai tsawon gulma.

Babu mai sarauta a cikinmu. Littafi gare mu,
ni ke riƙe shi, don an ce rubutuna na karantuwa.
A ciki akwai wanda ya biya kuɗin maigadi,
da wanda ya ce sai an yi albashi, alhali ba ya aikin albashi,
da tarar da aka ci Barau
ranar da akuyarsa ta yi buɗa-baki da ramar Lantana.

Asabar ɗin farkon wata, bayan la'asar,
ake baza tabarmi a gindin mangwaro.
Maganar kwata kaɗai ta ci mana damina biyu.

Sai ga dillali bana, da mota mai baƙin gilas.
Ya taka tsakiyarmu da ƙafa, yana ƙirga shaguna a iska.
Kuɗin da ya ambata,
har Iya Uwale da ba ta ji sosai ta ji shi.

Ba zan ɓoye ba, ni na so a sayar.
Rufin ɗakina yoyo yake,
Nafi'u na aji uku a jami'a, aljihuna ya riga shi gamawa.
Na yi magana, aka tafa. Lantana ta miƙe, ba ta yi doguwa ba.
Ta ce, a ina za a yi zaman makokinku?
A cikin shagon?

Aka kife ƙwarya biyu a bayan zana, kowacce da huda,
aka ba kowane gida ƙwallon dabino guda.
Ɗaya bayan ɗaya muka shiga,
kana jin ƙas ɗin maƙwabcinka, ba ka san inda ya faɗa ba.

Sha ɗaya, a sayar.
Sha biyu, a bari.

Ni na ƙirga. Na sake ƙirgawa, ko dabino zai haihu.
Sannan na buɗe littafi, na rubuta kayen da na sha
da kyakkyawan rubutun nan nawa,
na sa kwanan wata, na ja layi.

Washegari ban-ruwa ya faɗo a gidana.
Na ja guga ina ƙunƙuni har kunya ta bakwai.
Da hantsi ’yar Lantana ta yi sallama,
dami guda na alayyahu, da saƙo:
wai Asabar mai zuwa a sa maganar rufina a gaba,
kafin ta kwata.

Har yau ban san wane ne na sha biyun ba.
Kowa na gaisar, sai in dubi hannunsa.