Tsakanin Na Huɗu da Na Biyar

Shekara talatin ina dakon albasa a Garwa,
daga bayan tirela zuwa rumfar Alhaji Barmo.
Bayana bai taɓa yin ƙorafi ba
sai bara, da ya aiko wuta
ta bi ƙugu, ta gangara cinya,
ta sauka a babban yatsa ta yi zamanta.

Wannan ya ce sanyi ne, wancan ya ce jifa.
Wanzami ya kafa ƙaho har fata ta gaji.
Na sha saiwa mai ɗaci,
ƙafar dai kamar aro aka ba ni.
Na daina gaida Tunau, abokin dakona,
don an ce a duba na kusa.

Ragon layya ya tafi, sefa ta zo.

A asibiti wata mai farar riga, Dudu,
ta ce cire zobe, cire makulli,
ko allura kada ta bi ka ciki,
na'urar nan mayen ƙarfe ce.
Na ce, ni da ake cewa maye ya kama,
yau da kuɗina na zo gidan maye!

Suka zura ni a farin rami,
faɗinsa faɗin makwancin ƙarshe.
Kada ka motsa, in ji ta.
Sai sara da duka, kwam, kwam, kwam,
kamar maƙera goma sun tare a kunnena.
Na ja salati, na ƙirga numfashi.
Rabon da in kwanta da rana tsaka
ba mai kiran a zo a ɗauki kaya,
na manta.

Likita ya kunna allo, ya nuna da biro.
Ga ƙashin bayana a jere kamar carbi,
ga jijiya ta sauko fara, siririya.
Tsakanin na huɗu da na biyar
matashin ƙashi ya zame, ya danne ta
yadda taya ke taka tiyo.
Can yatsa ke kuka, ya ce,
amma nan ne ake dukan.

Na ƙura ido, ban ga albasa ko ɗaya ba,
amma duk buhunan suna nan.

Ya rubuta magani da motsa jiki,
ya ce aiki sai in abin ya ƙi.
Na fito da hoton a hammata,
na hau babur ina ɗingishi.
Ban nufi gida ba tukuna.
Na ce a sauke ni bakin gadar Binuwai,
inda Tunau ke shan inuwa.
Gaisuwar wata tara yake bina.