Gaba Bakwai a Ƙasa

A gaba ta bakwai, inda jar ƙasa ke ƙarewa
marmara ta soma,
dagina ya yi wata ƙara da ban san shi da ita ba.
Na durƙusa a duhun rijiyar Malam Cindo,
na tono abin da yatsu:
baƙin dutse, sumul kamar ƙodar sa,
bakinsa a washe.

Ilu ya leƙo daga sama, kansa ya tare mini haske.
"Gatarin aradu ne, Baba! Sake shi,
a kira maƙera su zo da nono."

Amma aradu ba ta da babban yatsa.
Wannan kuwa ga gurbin yatsa a gefensa.
Na ɗora nawa, ya zauna daram,
sai ka ce an gwada ni
tun kakan kakana bai zo duniya ba.

Taku ɗaya daga nan, ga ƙanensa:
ɗan ƙarami, a karkace,
an sare shi inda bai kamata ba,
an sake, an kuma kuskurewa,
sannan sara uku masu tsabta
waɗanda ko makaho ya shafa
ya san hannun wani ne daban.

Hansatu, 'yar ƙanwata,
mai karatun tonon kufai a Zariya,
ta zo hutu ranar kasuwar Birnin Kudu.
Ta juya su a tafin hannu, ta ƙi faɗin shekaru.
"Sai an auna, Kawu.
Kuma waɗannan jarirai ne;
can gabas an tono waɗanda suka girme su nesa ba kusa ba."
Na ce to me kuke nema a dutse, ba a ci, ba a sayarwa?
Ta ce, "Ba dutsen ba ne.
Tunani ba ya barin ƙashi a ƙasa.
Sawun ranar muke bi
da wani ya dubi idon wani
ya gane: wannan bai san abin da na sani ba,
ya kuma damu."

Ni ban iya lissafinsu ba. Allah ne masani.
Abin da na sani, na san shi a kafaɗa:
yadda ubana ke rage saurin dagi
in ya ji idona a kansa,
ya yi saran a hankali, kamar mai ciwo,
don kawai in gani.

Da yamma na zauna a gindin ɗorawa.
Marka na yi wa Dije kitso,
hannu a gashi, baki a kan mutanen gari:
wa ya ranta, wa ya hana, wa ya yi kamar bai gani ba.
Hansatu ta yi dariya ƙasa-ƙasa,
ta ce wannan ma tsohon aiki ne,
ƙila ya girmi gatarin.

Daren nan barci ya ƙi.
Ina ganin su biyu a bakin wani rafi da ya ƙafe tuntuni,
babba da yaro, gwiwa na gugar gwiwa.
Ban san yarensu ba, ban san ko suna da suna ba.
Yaron ya ɓata dutse.
Babban bai jefar ba.

Da safe na ɗaura wa Ilu igiya a ƙugu.
Karo na farko, shi a ƙasa, ni a sama.
Na ji sararsa tana hawowa, a karkace.
Magana ta zo mini har leɓe, na haɗiye.
Na ƙara riƙe igiyar.
In ya gaji zan sauka,
sara uku kawai zan yi,
in miƙa masa.